Ciwon hanta nau'in B

Ciwon hanta nau'in B cuta ce da wata ƙwayar bairas mai suna HBV ke haddasawa. Bairas ɗin yana shiga ƙwayoyin hanta ya hayayyafa a cikinsu, garkuwar jiki kuma a ƙoƙarinta na kawar da shi sai ta riƙa lalata ƙwayoyin da ya kama, wanda hakan ke jawo kumburin hanta. A wasu mutane cutar kan warke da kanta cikin 'yan watanni. A wasu kuwa takan zauna har ƙarshen rayuwa, kuma tana iya kaiwa ga ƙanjamewar hanta ko ciwon dajin hanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane miliyan 254 ne ke ɗauke da zaunanniyar cutar, kuma ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 1.1 a wannan shekarar. Akwai allurar rigakafinta tun 1981, akwai kuma magungunan da ke danne ta, sai dai har yanzu ba a samu maganin da ke fitar da ita daga jiki gaba ɗaya ba.

Nau'in B ɗaya ne daga cikin bairas biyar da aka fi sani da kama hanta, wato A, B, C, D da E. Nau'in A da na E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke yaɗuwa, yayin da B, C da D ke bi ta jini da sauran ruwan jiki.

## Ƙwayar bairas

HBV na cikin dangin bairas da ake kira Hepadnaviridae. Faɗin cikakkiyar ƙwayar kimanin nanomita 42 ne, kuma kundin halittarta na DNA gajere ne ƙwarai, bai wuce haruffa kusan 3,200 ba. A bayanta akwai wani furotin da likitoci ke rubutawa HBsAg. Hantar da ta kamu takan fitar da wannan furotin cikin jini da yawan gaske, shi ya sa ya zama babbar alamar da ake nema a gwaji.

Da zarar bairas ɗin ya shiga ƙwayar hanta, sai kundin halittarsa ya wuce cikin cibiyar ƙwayar ya koma wani rufaffen zobe da ake kira cccDNA. Wannan zoben yakan daɗe a wurin, kuma daga gare shi ake ci gaba da ƙera sababbin ƙwayoyi. Magungunan da ake da su yanzu ba sa kawar da shi, dalilin da ya sa cutar kan dawo idan aka daina sha.

An raba bairas ɗin gida-gida daga A zuwa J gwargwadon bambancin kundin halitta. A Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya da Nijar, gidan E ne ya fi yawa. Bairas ɗin yana iya rayuwa a wajen jiki, misali a busasshen jini a kan aska, na tsawon aƙalla kwana 7.

## Tarihin bincike

Shawara daɗaɗɗiyar alama ce da likitocin zamanin da suka sani, amma ba su san sanadinta ba. A 2018 masana sun ba da rahoton gano kundin halittar HBV a ƙasusuwan mutanen da suka rayu kimanin shekaru 7,000 da suka wuce a yankin Jamus ta yau.

Rahoton farko da ya nuna cewa shawara na iya bi ta ruwan jikin mutum ya fito ne daga birnin Bremen na Jamus. A 1883 an yi wa ma'aikatan wata masana'antar ƙera jiragen ruwa su 1,289 rigakafin agana da ruwan da aka samo daga jikin mutane, sai 191 daga cikinsu suka kamu da shawara cikin watannin da suka biyo baya. Wani likita mai suna Lürman ya wallafa bayanin a 1885. A 1942 irin wannan ta sake faruwa a rundunar sojan Amurka, inda aka yi amfani da allurar rigakafin zazzaɓin shawara da aka haɗa da ruwan jinin mutane. Kimanin sojoji 50,000 ne suka kwanta da shawara. A 1947 likitan Birtaniya F. O. MacCallum ya ba da shawarar a kira wadda ke bi ta baki nau'in A, wadda ke bi ta jini kuma nau'in B.

Daga tsakiyar shekarun 1950, Saul Krugman ya gudanar da bincike a makarantar Willowbrook da ke New York, inda ake ajiye yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Aikinsa ya tabbatar a 1967 cewa cututtukan biyu ne daban-daban. Amma da gangan aka sa wa wasu daga cikin yaran cutar, kuma a yau ana koyar da wannan bincike a matsayin misalin keta haƙƙin waɗanda ake gwaji a kansu.

Wanda ya buɗe hanyar gano bairas ɗin shi ne Baruch Blumberg, likita ɗan Amurka wanda asalin aikinsa ba kan hanta ba ne. Yana tattara jinin al'ummomi daban-daban ne don nazarin bambancin gado. Shi da Harvey Alter suka lura cewa jinin wani majinyaci da aka sha yi wa ƙarin jini ya yi karo da wani furotin a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Suka wallafa sakamakon a 1965, aka riƙa kiran furotin ɗin da sunan Ostireliya. A 1966 wani majinyaci da gwajinsa na farko bai nuna furotin ɗin ba ya nuna shi daga baya, daidai lokacin da hantarsa ta kumbura. Zuwa 1968, aikin Blumberg da na Alfred Prince a New York sun tabbatar da cewa furotin ɗin na ciwon hanta nau'in B ne. A 1970 David Dane a Landan ya ga cikakkiyar ƙwayar da madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron. Wannan ya ba da damar tantance jini kafin a ƙara wa majinyaci. An ba Blumberg kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

Gwajin nau'in B ya taimaka wajen gano sauran. An ga bairas na A a 1973. A 1977 Mario Rizzetto a birnin Turin na Italiya ya gano na D, wanda ba ya iya yaɗuwa sai a jikin mai nau'in B, kuma yana ƙara tsananta cutar. Alter ya nuna cewa akwai sauran ciwon hanta bayan ƙarin jini wanda ba A ba ne ba kuma B ba, aka gano shi a 1989 aka sa masa suna C.

## Yadda ake kamuwa

Cutar na bi ta jini, maniyyi da ruwan farji. A ƙasashen da ta yi yawa, akasarin masu ɗauke da ita sun kamu ne tun suna ƙanana, ko dai daga uwa a lokacin haihuwa, ko daga wani yaro zuwa wani ta raunuka da ƙuraje a shekarun farko na rayuwa. Sauran hanyoyin sun haɗa da:

- jima'i da mai cutar ba tare da kariya ba;
- ƙarin jinin da ba a tantance ba;
- maimaita sirinji ko allura a kan mutane da yawa;
- amfani da aska, reza ko ƙaho ɗaya wajen aski, kaciya, tsaga, cire beli ko yankan farce ba tare da tsaftacewa ba;
- tarayya a burushin goge baki.

Ba a kamuwa da ita ta cin abinci a kwano ɗaya, musafaha, runguma, tari ko cizon sauro. Ra'ayin da ya yaɗu cewa zufa na yaɗa ta ya sa ana ƙyamar masu cutar a gida da wurin aiki, alhali ba ta cikin hanyoyin da aka tabbatar. Uwa mai cutar na iya shayar da jaririnta, musamman idan an yi masa rigakafi.

Shekarun da mutum ya kamu su ne suka fi yanke hukuncin makomarsa. Kusan kashi 90 cikin 100 na jariran da suka kamu cutar kan zauna musu, yayin da a cikin manya masu lafiya adadin bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

## Alamomi da illoli

Daga kamuwa zuwa bayyanar alamomi yakan ɗauki kwana 30 zuwa 180. Yawancin mutane, musamman yara, ba sa ganin wata alama. Waɗanda suka gani kan yi fama da kasala, zazzaɓi, tashin zuciya, rashin cin abinci, ciwon ciki ta ɓangaren dama, fitsari mai duhu da shawara, wato ido da fata su koma rawaya. A 'yan kaɗan hantar kan daina aiki farat ɗaya, wanda hakan na iya kisa. Shawara alama ce kawai. Zazzaɓin cizon sauro, cutar sikila da toshewar hanyar matsarmama ma na kawo ta, don haka sai gwaji ke bambancewa.

Idan HBsAg ya wuce wata 6 a jini, cutar ta zauna ke nan. Mutum na iya shafe shekaru ashirin ko talatin yana jin garau alhali hantarsa na yin tabo a hankali. Idan tabon ya mamaye ta, sai ta yi tauri ta ƙanjame. Daga nan ake ganin ruwa ya taru a ciki, ƙafafu su kumbura, aman jini, da ruɗewar hankali. Ciwon daji na iya tasowa ko da hantar ba ta kai ga ƙanjamewa ba, domin bairas ɗin na cusa ɓangarorin kundin halittarsa cikin na ƙwayar hanta.

## Alaƙa da ciwon daji

An daɗe da lura cewa inda nau'in B ya yi yawa, nan ciwon dajin hanta ya fi yawa. Binciken da ya tabbatar da alaƙar shi ne na R. Palmer Beasley a Taiwan, wanda ya bi diddigin ma'aikatan gwamnati maza 22,707 daga 1975. Rahoton da aka wallafa a mujallar Lancet a 1981 ya nuna cewa haɗarin kamuwa da dajin hanta ga masu ɗauke da HBsAg ya ninka na sauran fiye da sau 200. Wani bincike na Taiwan mai suna REVEAL ya nuna a 2006 cewa haɗarin na ƙaruwa gwargwadon yawan bairas ɗin a jini, abin da ya ƙarfafa hujjar ba da maganin danne shi.

Abu na biyu da ke ƙara haɗarin shi ne afalatoksin, gubar da funfunar Aspergillus ke fitarwa a gyaɗa, masara da sauran amfanin gona da aka adana da danshi. An gano ta bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, waɗanda aka ciyar da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A 1991 masana sun gano cewa gubar na barin wani sauyi na musamman a kwayar gadon TP53 a dajin hantar majinyata daga ƙasar Sin da kudancin Afirka. Binciken da aka yi a Shanghai ya nuna cewa idan gubar ta haɗu da nau'in B a jikin mutum ɗaya, haɗarin ya zarce na kowannensu nesa ba kusa ba. Wannan ya shafi yankunan noman gyaɗa da masara na Afirka ta Yamma kai tsaye. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage funfunar mai guba. Shan barasa da kamuwa da nau'in C, D ko cutar HIV su ma na hanzarta lalacewar hanta.

## Gwaji

Gwajin farko shi ne na HBsAg, kuma akwai na gaggawa da ake yi da ɗigon jinin yatsa. Idan ya nuna akwai cutar, sai a ƙara wasu don sanin halin da hanta ke ciki: sinadarin ALT da ke hawa idan hanta na kumburi, yawan DNA na bairas ɗin, furotin HBeAg da ke nuna saurin hayayyafa, da hoton ciki. Ana kimanta tabon hanta da na'urar auna taurinta, ko da lissafin APRI mai sauƙi da ake fitarwa daga gwajin jini biyu. Ana shawartar a gwada kowace mai juna biyu, da mata ko miji da 'ya'yan duk wanda aka samu da cutar.

## Rigakafi

A 1969 Blumberg da Irving Millman suka nemi rajistar dabarar haɗa rigakafi daga HBsAg da aka tace daga jinin masu ɗauke da cutar. Philippe Maupas ya gwada irin wannan allura a Faransa a 1976, daga baya kuma a kan jarirai a Senegal. A Amurka, Maurice Hilleman na kamfanin Merck ya haɗa tasa, Wolf Szmuness ya gwada ta a New York, aka ba ta lasisi a 1981. A 1986 aka amince da sabuwar allura wadda ake samar da furotin ɗinta daga yisti, ba tare da jinin mutum ba. Irinta ake amfani da ita a yau.

Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin a watan Yulin 1984. A birnin Taipei, yaran da ke ɗauke da cutar sun ragu daga kashi 9.8 cikin 100 a 1984 zuwa kashi 0.7 a 1999. Chang Mei-Hwei da abokan aikinta sun nuna a 1997 cewa dajin hanta a yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ya ragu da kusan rabi. Wannan ne karon farko da aka nuna allurar rigakafi ta rage ciwon daji a cikin al'umma.

A Afirka, babban binciken shi ne na Gambiya, wanda aka fara a 1986 da haɗin gwiwar gwamnatin ƙasar, Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya. An shigar da allurar yanki bayan yanki har ta game ƙasar a 1990, wanda ya ba da damar kwatanta yara sama da 120,000, kusan rabi da rigakafi rabi babu. Bibiyar yaran ta nuna cewa allurar na hana cutar zama da fiye da kashi 90 cikin 100.

A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buƙaci dukkan ƙasashe su sa allurar cikin rigakafin yara, a 2009 kuma ta jaddada a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Najeriya ta shigar da ita a 2004. Ana yin ta ranar haihuwa, sannan a mako na 6, 10 da 14 cikin allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar. A duniya, yara 'yan ƙasa da shekara 5 masu ɗauke da cutar sun ragu daga kusan kashi 5 cikin 100 kafin rigakafi zuwa ƙasa da kashi 1 a 2019. A 2020 hukumar ta ba da shawarar a ba mai juna biyu da bairas ya yi yawa a jininta maganin tenofovir daga mako na 28, don ƙara kare jaririn.

## Magani

Sabon kamu yawanci ba ya buƙatar magani na musamman sai hutu, abinci da ruwa, da guje wa barasa da magungunan da ke wahalar da hanta. Wasu haɗe-haɗen gargajiya da ake sha don shawara na iya ƙara wa hanta rauni.

Ga zaunanniyar cuta, maganin farko shi ne allurar intaferon, wadda aka amince da ita a Amurka a 1992. Binciken Jesse Summers da William Mason a kan agwagi a 1982 ya nuna cewa bairas na wannan dangi na hayayyafa ta irin hanyar da HIV ke bi, shi ya sa wasu magungunan HIV suka yi aiki a kansa. An amince da lamivudine a 1998, amma bairas ɗin kan bijire masa bayan 'yan shekaru. Entecavir ya zo a 2005, tenofovir a 2008, kuma su ne aka fi amfani da su yanzu domin da wuya ya bijire musu. Ƙwaya ɗaya ake sha kullum, galibi har tsawon rai. Suna rage haɗarin ƙanjamewa da daji, kuma tabon hanta na iya raguwa. Daina sha ba da sanin likita ba na iya tayar da cutar da ƙarfi.

Ba kowane mai ɗauke da cutar ke buƙatar magani nan take ba, amma kowa na buƙatar bibiya. A watan Maris 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani don ya kai ga mutane da yawa. Idan hanta ta lalace gaba ɗaya, dashe ne kaɗai mafita, kuma yana da tsada da wuyar samu.

## Yaɗuwa a duniya

Daga cikin masu cutar miliyan 254, kimanin miliyan 97 na yankin yammacin tekun Fasifik, miliyan 65 kuma na yankin Afirka. Afirka ce ke da kashi 63 cikin 100 na sababbin kamu, amma kashi 18 cikin 100 ne kawai na jariranta ke samun allurar ranar haihuwa, musamman saboda yawan haihuwa a gida. A duniya baki ɗaya, kashi 13 cikin 100 ne na masu cutar suka san suna da ita, kimanin kashi 3 kuma ke shan magani. A Najeriya, binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya samu nau'in B a kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64.

## Binciken da ake ci gaba da yi

A 2012 Li Wenhui da tawagarsa a Beijing suka gano furotin NTCP, ƙofar da nau'in B da D ke bi su shiga ƙwayar hanta. Wannan ya sauƙaƙa rainon bairas ɗin a ɗakin gwaji, kuma maganin bulevirtide, da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2020 don nau'in D, wannan ƙofar yake toshewa. Burin masu bincike a yanzu shi ne maganin da za a sha na ɗan lokaci ya kawar da HBsAg daga jini ko bayan an daina. Ana gwada magungunan da ke hana ƙera furotin na bairas ɗin, da masu hana ƙunshinsa haɗuwa, da allurai masu farfaɗo da garkuwar jikin mai cutar.

Wani ɓangaren binciken ya shafi isar da abin da ake da shi ga jama'a. Shirin PROLIFICA, da aka fara a 2011 a Afirka ta Yamma, ya nuna a Gambiya cewa ana iya gwada mutane a ƙauyukansu a kuma haɗa su da asibiti. A 2016 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙudurin rage sababbin kamu da kashi 90 cikin 100 da mace-mace da kashi 65 cikin 100 nan da 2030. Rahoton 2024 ya nuna cewa mace-macen ciwon hanta na bairas ƙaruwa suka yi, daga miliyan 1.1 a 2019 zuwa miliyan 1.3 a 2022, kuma kashi 83 cikin 100 na wannan adadi na nau'in B ne.